Wa Ake Ba Labarin? Yaƙi da Gudun Hijira a Ƙagaggun Labaran Biyetnam da Suka Ci Kyaututtuka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasu ƙagaggun labarai da 'yan asalin Biyetnam suka rubuta a kan yaƙin ƙasarsu da gudun hijirar da ya biyo bayansa, waɗanda suka samu lambobin yabo a gida da waje. An fi mayar da hankali a kan littattafai biyu, na Bao Ninh da na Viet Thanh Nguyen, sannan aka taɓo wasu a taƙaice. Abin da maƙalar ta ɗoru a kai shi ne, zubi da tsarin waɗannan littattafai ya samo asali daga matsala guda, wato rashin tabbacin wanda zai saurari labarin.

1.0 Gabatarwa

Yaƙin da ake magana a kai suna biyu gare shi. A Amurka, da sauran ƙasashen da suka ji labarinsa ta bakinta, ana kiran sa Yaƙin Biyetnam; a birnin Hanoi kuwa Yaƙin Amurka ake ce masa. Haka ma ranar da ya ƙare, 30 ga Afrilu, 1975, ranar da dakarun Arewa suka shiga birnin Saigon. Ga hukuma a Biyetnam, ranar 'yantar da Kudu ce da haɗe ƙasa. Ga waɗanda suka tsere suka zauna a Kaliforniya da Ostareliya da Kanada, ranar makoki ce, har suna kiran watan da Baƙin Afrilu.

Asalin rabuwar ba boyayye ba ne. Bayan da mayaƙan Ho Chi Minh suka karya sojojin Faransa a Dien Bien Phu a 1954, taron Janeba ya raba ƙasar biyu na wucin gadi, Arewa a hannun 'yan kwaminisanci, Kudu a hannun gwamnatin da Amurka ta mara wa baya. Zaɓen da aka shirya yi a 1956 don sake haɗe ta bai yiwu ba. A watan Maris na 1965 sojojin ruwan Amurka suka sauka a Da Nang, suka kuma janye bayan yarjejeniyar Faris ta Janairun 1973, suka bar 'yan ƙasa suna kashe juna na ƙarin shekara biyu. Amurka ta rasa sojoji kimanin 58,000, waɗanda aka sassaƙa sunayensu ɗaya bayan ɗaya a jikin wani bango da aka buɗe a Washinton a 1982. Alƙaluman da gwamnatin Biyetnam ta fitar a 1995 sun nuna mutanenta da suka mutu sun kai wajen miliyan uku, farar hula da mayaƙa.

Duk da wannan tazara, labarin da duniya ta daɗe tana ji na waɗancan 58,000 ne. Fina-finai irin su *Apocalypse Now* na 1979 da *Platoon* na 1986, da littattafai irin su *The Things They Carried* na Tim O'Brien na 1990, duk suna sukar yaƙin, amma abin da suke juyayi a kai shi ne abin da yaƙin ya yi wa matashin Ba'amurke. Ɗan Biyetnam a cikinsu ko dai gawa ne, ko inuwa a cikin kurmi, ko karuwa a mashaya. Abin lura ma shi ne, lokacin da muryar 'yan gudun hijirar Biyetnam ta fara cin kyautar Pulitzer, wadda ita ce mafi daraja a fagen ƙagaggen labari a Amurka, ba ɗan Biyetnam ne ya rubuta littafin ba. Robert Olen Butler ne, Ba'amurken da ya yi aikin soja a can ya kuma koyi harshen, ya ci ta a 1993 da tarin gajerun labaransa *A Good Scent from a Strange Mountain*, inda ya ari bakin 'yan Biyetnam mazauna jihar Luwiziyana ya yi magana da shi. Sai da aka ƙara shekara 23 kafin wanda aka haifa a Biyetnam ya karɓi wannan kyauta da labarin nasa yaƙin.

2.0 Bao Ninh: wanda ya ci yaƙi, ya rasa mai saurare

An haifi Bao Ninh a 1952, sunansa na yanka kuwa Hoang Au Phuong. Ya shiga sojan Arewa a 1969 yana ɗan shekara 17, a cikin wata rundunar matasa mai mutum 500, wadda goma kacal suka dawo da rai daga cikinta. Littafinsa ya fito a Hanoi a farkon shekarun 1990, a lokacin sassaucin da jam'iyya mai mulki ta ƙaddamar a 1986 da sunan Doi Moi, wato sabuntawa. Sunan da ya raɗa masa yana nufin baƙin cikin yaƙi, amma da wani suna aka fara buga shi, mai nufin makomar soyayya, domin a wancan lokaci ba ƙaramar magana ba ce a jingina baƙin ciki ga yaƙin da hukuma ke ɗauka a matsayin abin alfaharinta mafi girma. Ƙungiyar Marubutan Biyetnam ta ba shi kyautarta a 1991. Ba da jimawa ba suka ta taso masa daga masu ganin ya zubar da mutuncin soja, har sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin ya sake fitowa a gida da sunansa na asali. A wannan tsakani ne fassararsa ta Ingilishi, *The Sorrow of War*, ta fito a 1993, ta kuma ci kyautar jaridar *Independent* ta Ingila ta fassararren ƙagaggen labari a 1994.

Tauraron labarin, Kien, ya fara bayyana ne bayan an gama yaƙi, yana cikin ayarin da ke tattara ƙasusuwan sojojin da suka ɓace a tsaunukan tsakiyar ƙasar. Motar da ke ɗauke da gawarwakin ta tsaya kwana a wani kurmi da sojoji suka yi imani kurwar matattu na kururuwa a cikinsa da dare, kurmin da aka hallaka bataliyarsa a 1969. Wannan mabuɗi yana da nauyin da mai karatu daga waje zai iya wucewa bai lura ba. A al'adar Biyetnam, mamaci yana da haƙƙi a kan iyalinsa: a binne shi a ƙasar kakanninsa, a ajiye hotonsa a wani kusurwa na gida, a riƙa ƙona masa turare, a tuna ranar mutuwarsa kowace shekara. Wanda ya mutu a daji ba a san kabarinsa ba, kurwarsa takan zama mai gararamba, ba ta da masauki. Ana ƙiyasta sojojin Arewa da na 'yan tawayen Kudu da ba a gano gawarwakinsu ba sun kai 300,000. Don haka kurmin da Kien ya kwana a ciki ba adon magana ba ne kawai. Bashi ne da masu rai suka kasa biya.

Daga nan labarin ba ya bin jerin lokaci. Yakan yi tsalle daga daji zuwa ɗakin Kien a Hanoi inda yake kwana yana shan giya yana rubutu, ya koma makaranta kafin yaƙi, ya dawo ga filin jirgin saman Saigon a ranar nasara, inda sojojin da suka ci yaƙi ke ci da sha da barci kusa da gawar wata mace tsirara. Mai karatu yakan ji mutuwar mutum kafin ya san shi. Can, wanda ya gudu daga fagen daga don ya ga mahaifiyarsa, an tsinci gawarsa a daji. Hoa, yarinyar da ta yi wa masu rauni jagora ta ɓata hanya, ta janye hankalin sojojin Amurka zuwa kanta don sauran su tsira, Kien kuwa yana ɓoye yana kallo. Abin da ya fi komai ciwo, wato fyaɗen da aka yi wa masoyiyarsa Phuong a cikin jirgin ƙasa a ranar da ya nufi fagen daga, marubucin ya jinkirta shi har kusan ƙarshen littafin, duk da cewa shi ne ya faru da farko. Waɗanda suka aikata shi ba abokan gaba ba ne, mutanen ɓangarensu ne.

Manazarta sukan fassara wannan wargajewar lokaci da cewa hoton ƙwaƙwalwar da ta gigice ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai bayanin bai isa ba idan ba a tambaya ba: wa Kien yake rubuta wa? Abokansa sun mutu. Phuong ta dawo rayuwarsa ta sake fita. Mahaifinsa, mai zanen da zamani ya juya wa baya, ya ƙone zane-zanensa kafin ya rasu. Jama'ar gari sun riga sun karɓi labarin hukuma, wanda ke da mafari da tsakiya da ƙarshe mai daɗi. Mutum ɗaya ce ke sauraren Kien, wata bebiya da ke zaune a saman benen gidansu, wadda yakan je wurinta a buge ya yi ta zuba, ita kuwa ba ta da bakin mayar masa da magana. A hannunta tarin takardunsa suka rage bayan ya bar gidan. A shafukan ƙarshe sai wani mai ba da labari na daban ya bayyana, shi ma tsohon soja, ya ce shi ya karɓi takardun a hargitse ba lambar shafi, ya jera su yadda suka zo masa. Labari yakan miƙe ne idan akwai wanda ake kallon idonsa ana ba shi. Wanda ya rasa wannan, daga inda ciwo ya taso masa yake farawa.

Dole a yi wata togaciya a nan. Fassarar Ingilishin da ta ci kyauta ta bi ta hannu biyu: Phan Thanh Hao ta yi fassarar farko, sannan ɗan jaridar Ostareliya Frank Palmos ya sake tsara ta. Duk mai nazarin salon Bao Ninh ta wannan fassara, ya sani cewa ba muryar mutum ɗaya yake ji ba.

Ita kuwa Duong Thu Huong, wadda aka haifa a 1947, ta bi hanyar da ta fi tasa tsanani. Ta yi yaƙin a ɓangaren Arewa cikin ayarin masu nishaɗantar da sojoji a bakin daga, daga baya ta zama mai sukar jam'iyya a fili, aka kore ta, aka tsare ta na wasu watanni a 1991, aka daina buga littattafanta a gida. Tun 2006 take zaune a Faris. Littafinta da aka sani a Ingilishi da *No Man's Land*, wanda fassararsa ta Faransanci ta ci kyautar masu karanta mujallar *Elle* a 2007, labarin wata mata ce, Mien, da mijinta na fari ya dawo bayan shekara 14 ana zaton ya mutu a yaƙi, ya tarar ta yi wani aure tana cikin jin daɗi. Matsin lambar ƙauye da na hukuma ya sa ta koma gidan gwarzon da ya dawo a karye. A 2023 aka ba ta kyautar Cino Del Duca a Faransa. Tana rubutu da harshen Biyetnam, amma mafi yawan masu karanta ta a fili da wasu harsuna suke karanta ta.

3.0 Viet Thanh Nguyen: iƙirari a gaban mai tuhuma

Idan Bao Ninh ya rasa mai saurare, tauraron *The Sympathizer* nasa mai sauraren ya yi masa yawa, domin shi ne ke riƙe da mabuɗin kurkukunsa. An haifi marubucin a Buon Ma Thuot a 1971. Iyayensa 'yan Katolika ne da suka baro Arewa a 1954, suka sake yin hijira ta biyu a 1975 cikin mutum kimanin 130,000 da aka kwashe a faɗuwar Saigon. Sun fara zama a sansanin Fort Indiantown Gap a jihar Fensilbaniya, daga baya suka buɗe kantin kayan abinci a San Jose ta Kaliforniya. Shi malamin adabi ne a Jami'ar Kudancin Kaliforniya. Littafin ya fito a 2015, ya ci kyautar Pulitzer a 2016, tare da wasu kyaututtuka da suka haɗa da ta Edgar, wadda ake bai wa labaran bincike da leƙen asiri, da ta Dayton ta zaman lafiya.

Mai ba da labarin ba shi da suna. Kyaftin ne a 'yan sandan ciki na Kudu, na hannun daman wani Janar, amma a ɓoye ɗan leƙen asirin 'yan kwaminisanci ne. Ɗan gaba da Fatiha ne da wani limamin Katolika Bafaranshe ya haifa da yarinyar da ke yi masa aiki, ya yi karatu a Amurka, yana jin Ingilishi fiye da Amurkawa da yawa. Tun suna yara shi da abokansa biyu suka yi rantsuwar jini: Man, wanda shi ne ubangidansa a aikin asiri, da Bon, wanda ya tsani kwaminisanci saboda kisan mahaifinsa kuma bai san sirrin sauran biyun ba. An umarci Kyaftin ya bi Janar zuwa gudun hijira ya riƙa aiko da rahoto. A filin jirgi, ana ruwan wuta, aka kashe matar Bon da ɗansa.

Kashi na tsakiya, wanda ya gudana a Los Anjalas, shi ne hoto mafi kaifi na abin da hijira ke yi wa namiji mai muƙami. Janar ya buɗe kantin sayar da giya, matarsa ta buɗe gidan abinci, hafsoshin da suka jagoranci dubban sojoji sun koma masu shara da wanke-wanke, suna taruwa da dare suna shirya yadda za su koma su ƙwato ƙasa. Don ya kare kansa daga zargi, Kyaftin ya jefa wani Manjo mara laifi a bakin Janar, aka kashe shi. Daga baya shi da hannunsa ya harbe wani ɗan jarida. Fatalwar mutanen biyu ba ta rabu da shi ba. Akwai kuma babin da aka ɗauke shi mai ba da shawara ga wani shahararren darakta da ke shirya fim a kan yaƙin a ƙasar Filifin, wanda kowa ya gane shaguɓe ne ga *Apocalypse Now*, domin shi ma a can aka ɗauke shi. Kyaftin ya yi ƙorafin cewa babu ɗan Biyetnam ko ɗaya da aka ba magana a fim ɗin. Abin da ya iya samowa bai taka kara ya karya ba, 'yan gudun hijirar da aka ɗebo daga sansani kuwa aikinsu shi ne su yi ta mutuwa a gaban kyamara.

Sai dai duk wannan, tun daga shafin farko, rubutaccen iƙirari ne. Kyaftin ya bi Bon cikin wani ayarin 'yan ta-kife da suka yi yunƙurin kutsawa Biyetnam ta Tailan da Lawos, aka kama su, aka kai su ɗaya daga cikin sansanonin gyaran tunani, inda gwamnatin da ta ci yaƙi ta tsare ɗimbin jami'an Kudu, wasu fiye da shekara goma. A irin waɗannan sansanoni ana tilasta wa fursuna ya rubuta tarihin rayuwarsa da laifuffukansa, a mayar masa ya sake, har sai ya yi daidai da abin da ake so. Kwamandan sansanin shi ne wanda ake yi wa magana a littafin, kuma bai gamsu ba, don a ganinsa salon rubutun ya yi kama da na Turawa, ba na ɗan juyin juya hali ba.

Wannan dabara ta yi aiki biyu. Na farko, ta 'yantar da marubucin daga al'adar da ta zama ruwan dare a adabin baƙi a Amurka, inda marubuci ke tsayawa yana yi wa Bature bayanin abincinsa da al'adunsa kamar mai yi wa baƙo jagora a kasuwa. Nguyen ya sha bayyana cewa da gangan ya sa ɗan Biyetnam yana magana da ɗan Biyetnam. Abin da ake tsayawa a yi bayaninsa a littafin shi ne Amurka, da ɗabi'un mutanenta, da yadda suke ganin kansu marasa laifi. Ba'amurke mai karatu ya koma mai satar ji. Aiki na biyu ya fi zurfi. Iƙirarin da aka rubuta don a gamsar da mai tuhuma ba ya rasa ɓoye-ɓoye, kuma abin da Kyaftin ya ɓoye har ga kansa shi ne ya zama ƙololuwar labarin. Babban jami'in siyasa na sansanin, mutumin da bam mai ƙuna ya cinye wa fuska, ashe Man ne. Shi ya sa aka hana Kyaftin barci kwana da kwanaki, da dabarun azabtarwar da Kyaftin ɗin ya koya daga Amurkawa, har ya tuna ranar da 'yan sandan Kudu suka yi wa wata 'yar leƙen asirin kwaminisanci fyaɗe a gabansa, shi kuwa ya zauna bai yi komai ba don kada asirinsa ya tonu.

Kamancin da ke tsakanin wannan da abin da ya faru da Hoa da Phuong a littafin Bao Ninh a bayyane yake. Marubuta biyu, ɗaya tsohon sojan Arewa mai rubutu da harshen Biyetnam, ɗaya ɗan gudun hijirar Kudu mai rubutu da Ingilishi, da kusan shekara 25 a tsakanin littattafansu, duk sun ajiye abu guda a can ƙasan labarinsu: namiji yana kallo ana keta mace, bai motsa ba. Ana iya yaba wannan a matsayin gaskiyar da adabin jarumtaka ke gujewa. Ana kuma iya tuhumar su da cewa jikin mace ya zama allon da namiji ke rubuta nadamarsa a kai, ita kuwa ba a ji ta bakinta ba. Tuhumar tana da ƙarfi, musamman a kan Nguyen, wanda littafinsa gaba ɗaya ƙorafi ne a kan waɗanda aka hana magana. Akwai kuma wuraren da malamin jami'a ya rinjayi mai ba da labari a cikinsa, Kyaftin ya koma mai gabatar da lacca. Ba mamaki, domin a 2016 marubucin ya fitar da littafin nazari, *Nothing Ever Dies*, a kan yadda ƙasashe ke tunawa da yaƙi, inda ya nuna cewa mai masana'antar fim da ɗab'i shi ke da rinjaye a fagen tunawa ko da an ci shi a fagen daga. Labarin ya ƙare Kyaftin da Bon suna shirin shiga jirgin ruwa, sun zama biyu daga cikin kimanin mutum 800,000 da suka tsallake teku suka isa wata ƙasa da rai tsakanin 1975 da 1995. Waɗanda teku da 'yan fashinta suka cinye ba su cikin wannan lissafi.

4.0 Waɗanda suka fita suna yara

Akwai rukuni na uku, na waɗanda abin da suka sani na yaƙin guntaye ne, daga bakin iyaye ko daga shirunsu. Kim Thuy, haifaffiyar Saigon a 1968, ta bar ƙasar a jirgin ruwa tana da shekara goma, ta zauna a sansani a Malesiya, sannan ta isa garin Granby na lardin Kebek. Littafinta *Ru*, da ta rubuta da Faransanci a 2009, ya ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada a 2010. Sunan kansa harshe biyu yake yi: a Faransanci ƙaramin rafi, a harshen Biyetnam waƙar rarrashin jariri. An gina shi da gajerun sassa, wasu ba su cika shafi ba, kalma ko hoto a ƙarshen wannan ya jawo na gaba, kuma uwa ce ke waiwaye tana tunanin 'ya'yanta biyu da aka haifa cikin kwanciyar hankali. Littafi ne mai taushi, mai yawan godiya ga ƙasar da ta karɓe su, wataƙila ma shi ya sa Kanada ta rungume shi da sauri haka. Thanhha Lai kuwa yara ta nufa da *Inside Out & Back Again*, labarin yarinya 'yar shekara goma da ta tashi daga Saigon ta faɗa jihar Alabama, wanda aka rubuta da baitoci marasa amsa-amo ya kuma ci kyautar littafi ta ƙasa ta Amurka a rukunin matasa a 2011.

Wanda ya kai matsalar mai saurare maƙura shi ne Ocean Vuong, wanda aka haifa a 1988, shekara 13 bayan yaƙin, ya kuma tashi a Hartford ta jihar Kanetikat. Ya fara suna da waƙa, inda ya ci kyautar T. S. Eliot ta 2017. Ƙagaggen labarinsa na 2019, *On Earth We're Briefly Gorgeous*, wasiƙa ce daga ɗa zuwa ga mahaifiyarsa mai aiki a shagon gyaran farce, wadda sojan Amurka ya haifa, wadda kuma ba ta iya karatu ba. Ɗan yana iya faɗin komai, har dukan da ta yi masa da abin da bai taɓa iya furtawa a gabanta ba, saboda ya san ba za ta karanta ba. Bebiyar Kien tana ji amma ba ta iya amsawa; mahaifiyar nan tana iya amsawa amma wasiƙar ba za ta isa gare ta ba.

5.0 Kyauta da abin da ba ta gani

A bayan duk waɗannan masu saurare na cikin littafi, akwai wani na waje, wato alƙalin gasa. Manazarta adabin Hausa ba baƙi ba ne ga tasirin gasa, tun da gasar 1933 da Rupert East ya shirya ita ta fito da *Ruwan Bagaja* da *Shaihu Umar* da sauransu, ta kuma shata wa ƙagaggen labari hanyar da ya daɗe yana bi. Bambancin shi ne, a nan kusan dukkan kyaututtukan da suka ɗaga waɗannan littattafai a idon duniya a Landan da Faris da Niyok da Otawa ake bayar da su, da harsunan ƙasashen da biyu daga cikinsu suka yi yaƙi a Biyetnam. Abin da ya fi saurin isa gare su iri biyu ne: ɗan Arewa da ya juya wa labarin jam'iyyarsa baya, da ɗan gudun hijirar da ya girma a Yamma ya ƙware a harshenta. Duka biyun suna da daɗin ji ga wanda ke son a tabbatar masa cewa nasarar kwaminisanci ba ta haifar da ɗa mai ido ba, ko da kuwa marubutan ba haka suka nufa ba. *The Sympathizer* dai bai bar kowane ɓangare da riga a jiki ba.

Muryar da ta faɗa a rami tsakanin waɗannan biyun ita ce ta marubucin Kudu da ya yi rubutu da harshensa a lokacin da ake yaƙin. Tsakanin 1954 da 1975 Saigon tana da jaridu da mujallu da kamfanonin ɗab'i masu yawa. Bayan faɗuwarta, sabuwar hukuma ta haramta mafi yawan wannan adabi, aka tattara littattafai aka ƙone, aka tsare marubuta. Waɗanda suka fita sun ci gaba da bugawa a ƙananan mujallu a Kaliforniya, tsararrakinsu na karantawa, 'ya'yansu kuwa sun koma Ingilishi. Nha Ca misali ce. Ta je garinsu Hue jana'izar mahaifinta a farkon 1968, farmakin sabuwar shekara ta Tet ya rutsa da ita a can na tsawon makonni, ta rubuta abin da ta gani na kisan farar hula daga hannun dakarun kwaminisanci da kuma luguden wutar Amurka da na gwamnatin Kudu. Littafin, wanda ya fi kusa da shaidar gani da ido fiye da ƙagaggen labari, ya fito a Saigon a 1969. An tsare ta bayan 1975, daga baya ta samu mafaka a Suwidin, sannan ta koma Kaliforniya. Fassararsa ta Ingilishi, *Mourning Headband for Hue*, wadda Olga Dror ta yi, sai a 2014 ta fito daga maɗaba'ar Jami'ar Indiyana, shekara 45 bayan bugun farko, shekara ɗaya kafin *The Sympathizer*.